Darasin Rani: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Shirin kayan su da kiyaye rai a lokacin hunturu

Karatu: Markus 1:16-20

Manufar darasi: Kowane ɗan ƙungiya ya gane cewa tun a tudu ake tsare ran masunci, kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa.

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, hunturu kuma ya kama. A wannan lokaci waɗansunmu na Kambarawa da sauran unguwannin Katsina da ƙauyukan kewaye sukan ɗauki koma da ƙugiya su nufi dam, domin a sami na miya da ɗan kuɗin makarantar yara. Mafi kusa da mu shi ne dam na Ajiwa a ƙasar Batagarawa, wanda daga cikinsa ake ba birnin Katsina ruwan famfo. Akwai na Zobe kusa da Dutsin-Ma, wanda aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa, da na Jibiya a kan kogin Gada. Su sana'a ce mai albarka. Amma yawancinmu fartanya muka gāda, ba taru ba. Ɗan Sarkawa tun yana goye yake koyon halin ruwa, mu kuwa da girmanmu muka zo masa. Saboda haka tilas mu cike wannan rashi da shiri.

A cikin karatunmu mun ga Yesu ya tarar da Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, a cikin jirgi suna gyaran tarunansu. Ku lura da wannan. Ƙwararrun masunta ne na Tekun Galili, duk da haka sun zauna suna ɗinki kafin su koma ruwa. Mai dogara ga Allah ba ya raina shiri.

1. Abin da sanyi yake yi wa jiki

A ƙasashen sanyi kamar Kanada da Rasha, tafki yakan daskare har mutum ya taka samansa. Masuntansu sukan huda rami a cikin ƙanƙara su zura ƙugiya. Amma mai hankali a cikinsu ba ya takawa sai ya auna ya ga kaurin ƙanƙarar ya kai inci 4, wato santimita 10. Yakan tafi da igiya, da rigar da ke hana nutsewa, da aboki. Ruwanmu ba ya daskarewa, amma abokin gāba ɗaya muke da shi, wato sanyi.

Zafin jikin mutum mai lafiya yana wajen awo 37. In ya sauka ƙasa da 35, mutum ya shiga haɗari. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska mai irin sanyinsa kamar sau 25. Wanda ya tsaya cikin dam har ƙirji da asubahin Janairu, sa'an nan ya fito da jiƙaƙƙiyar riga iskar hunturu tana dukansa, jikinsa yana zubar da ɗumi kamar tulun da ya tsage. Da fari sai makyarkyata. Daga nan yatsu su ƙi riƙe igiya, magana ta sarƙe, tafiya ta zama ta mai maye. In makyarkyatar ta tsaya alhali mutumin bai ji ɗumi ba, kada ku ce ya warke. Abin ya yi tsanani ke nan.

Akwai kuma abin da yake faruwa nan take. Wanda ya fāɗa ruwa mai sanyi ba shiri yakan ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba. In kansa yana ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Bayan ɗan lokaci hannuwa da ƙafafu su yi nauyi. Wannan shi ya sa har gwanin iyo yakan nutse inda da bazara zai haye yana waƙa.

2. Kayan da za a duba kwana biyu kafin tafiya

Jirgi. Ku jawo shi tudu, ku kife shi, ku bi kowace haɗa ta katako da hannu. Iskar hunturu tana busar da katako har ya buɗe baki. Inda ya tsage, a cusa tsumma a bi da kwalta. Bayan gyara ku sa shi a ruwan bakin gāɓa ya kwana, da safe ku ga ko ya sha ruwa. A sa filafili biyu, da doguwar gwangwala, da ƙwarya ko roba ta kwarfe ruwa, a ɗaure ta da igiya a jikin jirgin.

Gora. Mai hawa gora ya danna ta cikin ruwa ya duba ko kumfa tana fita. Gorar da ta yi shekara a rataye gara tana iya cinta ta ciki, waje kuwa sumul.

Taru da birgi da kalli. A shanya, a ɗinke, a duba dalma da igiyar baki. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana yawancin tarunan da idonsu bai kai milimita 76 ba, wato kamar inci 3. Dalilin a fili yake: in kun kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa bana, me za ku kama baɗi? Manomi ba ya cinye irinsa. Wannan doka kuma ta hana zuba guba, da fasa nakiya, da sa wutar lantarki a ruwa. Maganin ƙwarin gona ba na dam ba ne. Ku tuna ruwan Ajiwa shi ne 'ya'yanku suke sha a gida.

Mamari da ƙugiyoyi. A jera su a bakin ƙwarya ko a jikin kara, kowace ƙugiya a soke. Mamarin da aka tura cikin buhu a cukurkuɗe shi yakan kama mai shi.

Rigar kariya. Ita ce rigar nan mai kumfa a ciki da ke ɗaga mutum a kan ruwa. Kowane wanda zai shiga jirgi ya sa tasa, ya ɗaure maɗaurinta tun a gāɓa. Rigar da ke ƙarƙashin mazauni ba ta ceton kowa, gama jirgi ba ya sallama kafin ya kife. Kafin ƙungiya ta sami isassu, a sa jarka mai lita 20 ko 25 wadda ba kome a cikinta, a toshe murfinta sosai, a ɗaura mata igiyar riƙewa. Tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa. Amma jarka tana iya kuɓucewa daga hannun da sanyi ya kashe, saboda haka ba ta maye gurbin riga ba.

Ƙunshin tudu. Busasshiyar riga da wando, da hula, da bargo, da ashana, duka a cikin leda a ƙulle. A haɗa da igiya mai tsawon ƙafa 50, da wuƙa mai kube, da tocila, da usur, da ruwan sha, da kunu mai zafi a fulas. Wayar hannu a cika ta da caji a sa a leda. Wuƙar ta zauna a ƙugu, domin in taru ya naɗe ƙafar mutum ita ce za ta fisshe shi.

3. Ku san ruwan kafin ku shiga

Dam ba kududdufin bayan gari ba ne. Dā can gonaki ne da kwari ruwa ya rufe. A ƙarƙashinsa akwai kututture, da rassan itatuwa, da ramuka, da tsohuwar hanyar kogi inda ƙasa take yankewa farat ɗaya. Mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa, taki ɗaya sai ya rufe kansa. Akwai kuma taɓo mai riƙe ƙafa. Ku dinga gwada gabanku da gwangwala.

In kun isa, ku fara gai da sarkin ruwa ko shugaban masuntan wurin. Ku nemi izini, ku biya abin da aka ƙayyade, ku tambayi inda ba a zuwa. Wannan ladabi ne, ilimi ne kuma na kyauta. Kada ku kusanci ginin dam, ko inda ake jan ruwa zuwa famfo, ko mafitar ruwa. Tun daga gida ku bincika lafiyar hanya, gama 'yan bindiga sun sha damun waɗansu ƙauyukan wajen Jibiya da Dutsin-Ma. In mutanen wurin suka ce kada a zo, a zauna.

Ranar da hazo ya rufe har ba ku ganin gāɓa ta ƙetare, ku yi su a bakin ruwa kawai. In iska ta tashi ruwa ya fara tumbatsa, ku juya, ko da taru yana cike.

4. Dokoki shida na cikin jirgi

Na ɗaya, ba mai tafiya shi kaɗai. Na biyu, a faɗa wa na gida da sakataren ƙungiya inda za a, da lokacin komowa. Na uku, ba shiga ruwa da duhu. Na huɗu, ba burkutu, ba giya, ba ƙwaya. Mai sha yana jin kamar ya yi ɗumi, alhali abin shan yana buɗe jijiyoyin fata ne ɗumin ciki ya tsere. Na biyar, ba a ɗaura igiyar birgi a wuyan hannu da ƙullin da ba ya kwancewa da sauri. Na shida, kada a yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa. A ran 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgi ya kife a dam na Watari a ƙasar Bagwai ta Jihar Kano, mutum 29 ko fiye suka rasu, yawancinsu yara. An cika shi fiye da kima ne. In bakin jirgi bai fi taƙi ɗaya daga ruwa ba, a rage kaya ko a yi sawu biyu.

Mai farfaɗiya kada ya shiga jirgi. Yaron da bai iya iyo ba ya tsaya a tudu yana tsaron kaya, nesa da bakin ruwa.

5. In haɗari ya auku

In jirgi ya kife, ku riƙe shi. Jirgin katako yakan daɗe bai nutse ba, kuma an fi hango shi da kan mutum. Ku natsu har numfashi ya daidaita, ku busa usur.

In wani yana nutsewa, kada ku yi tsalle a kansa. Mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, yakan danne mai cetonsa su tafi tare. Ku miƙa masa gwangwala, ko ku jefa masa jarka da igiya, ko ku tuƙa jirgi zuwa wurinsa ku jawo shi ta ƙarshen jirgin, ba ta gefe ba.

In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen matsa masa ciki ko rataye shi kai ƙasa. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau 5. Sa'an nan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemo mota. Ko ya farfaɗo yana cewa lafiya lau, a kai shi asibiti a ranar, gama ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo daga baya.

Wanda sanyi ya kama, a tuɓe masa jiƙaƙƙun tufafi, a goge shi, a rufe shi da bargo har kai, a kāre shi daga iska. In yana cikin hankalinsa a ba shi kunu mai ɗumi. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada kuma a manna shi da wuta. Kada a shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki ko bukka a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi yana fid da wata iska marar wari wadda take kashe mutum cikin barci.

Raunin ƙugiya ko ƙayar ƙurungu, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a je asibiti domin allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa bayan ya saba shiga dam, tsargiya ce mai yiwuwa. Ƙananan katantanwar ruwa ne suke yaɗa ta, tana da magani a asibiti. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa.

6. Aikin ƙungiya

Abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar ashirin. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki, haka za mu haɗa mu sayi rigunan kariya, ma'aji ya rubuta wanda ya ara da ranar da ya mayar. A zaɓi mutum ɗaya mai duba kaya, a ba shi ikon cewa yau ba a tafiya, kowa kuma ya ji maganarsa ko da ya girme shi. A roƙi ma'aikacin lafiya ya zo taro ya nuna hura iska da danna ƙirji, kowa ya gwada da hannunsa. Zumuntar mata kuma su shirya wurin banda tun da wuri, kada kifin da aka sha wahalarsa ya lalace.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mutum nawa ne a ƙungiyarmu suka iya iyo sosai? Wa zai koya wa sauran?
2. Waɗanne alamu ne suke nuna sanyi ya yi wa mutum yawa?
3. In babba ya nace sai an ƙara kaya a jirgi, yaya ƙarami zai hana shi cikin ladabi?
4. Rigunan kariya nawa za mu iya saya kafin tafiya ta gaba?

Abin yi a wannan mako: Kowa ya kawo kayan sunsa harabar ikkilisiya ran Asabar, a duba su tare.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai ne ka halicci ruwa da abin da ke cikinsa. Ka ba mu hankalin shiri, da tawali'un jin gargaɗi. Ka kiyaye masu fita nema, namu da na maƙwabtanmu, ka komo da su gida lafiya. Cikin sunan Yesu. Amin.