Ƙura da Ƙarfi Biyu da ke Jan Ta

Ƴan'uwa, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan buso ƙasar Urafan daga arewa maso gabas. Hazo ya rufe gari, rana ta yi fari fat. Da yawa daga cikin ƙurar nan daga Bodele take tasowa, wato gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe a arewacin Cadi. Tana ratsa Tasawa da Mayahi da Maraɗi, wata har ta ƙetare teku ta sauka a ƙasar Birazil. To, ai ƙura ƙasa ce, ƙasa kuwa tana da nauyi. Me ya hana ta faɗuwa tun a hanya?

Ƙarfi na farko

Duk abin da ka saki, ƙasa yake nufa. Duniya ce ke jan shi, wannan jan shi muke kira nauyi. Amma ƙwayar ƙura ƙanƙanuwa ce ƙwarai. In kaurin ƙwaya ya ragu zuwa rabi, nauyinta yakan koma kashi 1 cikin 8. Shi ya sa rairayi ke faɗuwa kusa, amma ƙura mai laushi iska kan riƙe ta kwana da kwanaki.

Ƙarfi na biyu

Ku gwada wannan a gida. Ku yayyaga takarda mitsi-mitsi. Ku goga biro na roba a gashin kai, sannan ku kai shi kusa da takardun. Za ku ga sun yi tsalle sun manne masa. Nauyi yana jan su ƙasa, biro yana jan su sama, kuma biro ya yi rinjaye. Gugar nan ce ta tara wa biro lantarki.

Lantarkin nan iri biyu ne. Masana suna rubuta su da alamomin da muka koya a lissafi: ƙari (+) da ragi (−). Iri ɗaya suna ture juna, iri dabam suna jan juna.

Haka ƙwayoyin ƙasa suke yi in guguwa ta taso. Suna karo, suna gugar juna, suna ɗaukar lantarki. Sau da yawa ƙanana kan ɗauki ragi su yi sama, manya su ɗauki ƙari su tsaya kusa da ƙasa. Iska ita ce babbar mai ɗaukar ƙura, amma lantarki yana taya ta ɗagawa. Shi ne kuma yake sa ƙura ta liƙe wa rediyo da bokitin roba da gilashin waya.

Wanda ya auna su

A shekarar 1909, a jami'ar Shikago ta Amurka, wani malami mai suna Robert Millikan ya fesa ɗigon mai ƙanana tsakanin faranti biyu na ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya sa wa farantan lantarki. In ya kashe wuta, ɗigo ya gangara. In ya ƙara ta, ɗigo ya hau. In ya daidaita ta da nauyin ɗigon, sai ɗigo ya tsaya cik, bai hau ba bai sauka ba. Ta haka ya gano yawan lantarkin da ke jikin ƙwaya guda da ake kira ilektoron. An ba shi kyautar Nobel a 1923.

A cikin hadari

Da damina abin nan ne yake faruwa a sama. Can cikin hadari akwai sanyi mai tsanani, ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara. Gutsattsarin suna karo da juna. Marasa nauyi su ɗauki ƙari, iska ta hau da su. Masu nauyi su ɗauki ragi, su taru a gindin hadari. In lantarkin ya yi yawa sai ya ɓalle da ƙarfi. Haskensa ne walƙiya, ƙararsa kuwa tsawa.

Amfanin wannan sani

Da hunturu iska ta bushe, lantarki kan taru a jikin mutum da tufafinsa. Kun san tartsatsin da ke fita in an yaye bargo cikin duhu. Ƙarami ne, amma yana iya kunna tururin fetur. Saboda haka, mai sayar da fetur ya ajiye jarka a ƙasa kafin ya zuba, kada ya cika ta bisa babur ko amalanke. Ya fara taɓa wani ƙarfe nesa da man, don lantarkin jikinsa ya sauka.

Da damina kuwa, aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili. In tsawa ta same ka a gona, kada ka fake ƙarƙashin itacen da ke tsaye shi kaɗai. Ka sauka daga amalanke, ka ajiye hauya, ka nemi ɗaki. In aradu ta taɓa mutum, lantarkin ba ya zama a jikinsa. Kada a ji tsoron taɓa shi. A taimake shi, a kai shi gidan likita maza-maza. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi

1. Daga ina ƙurar hunturu take tasowa?
2. Waɗanne ƙarfi biyu ne suke jan guntun takarda a gwajin biro?
3. Me ya sa ɗigon man Millikan ya tsaya cik?
4. Ina ya kamata a ajiye jarka kafin a zuba fetur?
5. Rubuta abu uku da manomi zai yi in tsawa ta same shi a gona.