Ƙafa Uku, Ƙafa Shida: Nazarin Tsarin Ƙafafun Abin Hawa daga Filin Tsere zuwa Titunan Gusau, Tsafe da Bungudu

Tsakure

Maƙalar ta dubi abubuwan hawan da tsarin ƙafafunsu ya saɓa wa ƙafa huɗu da aka saba gani. Ta faro daga motar tsere mai ƙafa shida ta kamfanin Tyrrell da ƙananan motocin wasa masu rimot da aka kwaikwaya daga gare ta, sannan ta gangaro kan Keke Napep da motar kara a Gusau, Tsafe da Bungudu. Hujjar da ta kafa ita ce, doka da kasuwar taya da buƙatar jama'a suna da hannu wajen tsayar da adadin ƙafafun abin hawa daidai da hannun maƙerinsa, kuma sunayen da Bahaushe ya raɗa wa waɗannan abubuwa sun adana wannan tarihi.

Fitilun Kalmomi: ƙafa, motar tsere, Keke Napep, motar kara, Zamfara

1.0 Gabatarwa

Da mota ta shigo ƙasar Hausa, Bahaushe ya dubi abin da take tafiya a kansa ya kira shi "ƙafa", kamar yadda yake kiran na doki da jaki. An aro "taya" da "wili" daga Ingilishi, sai dai kowace ta fi karkata ga sashe guda: taya ita ce robar, wili kuwa ƙarfen da aka ɗora ta a kai. A zancen yau da kullum ba a cewa "mota mai ƙafa huɗu", domin huɗun ta riga ta shige cikin ma'anar kalmar. Sai abu ya saɓa wa al'ada ake ambaton lamba, a ce babur mai ƙafa uku ko tifa mai ƙafa goma. Wannan ɗabi'ar harshe ce ta sa batun da ake ganin na injiniyoyi ne ya cancanci kulawar manazarcin Hausa.

2.0 Motar Tsere Mai Ƙafa Shida

A tsakiyar shekarun 1970, mafi yawan ƙungiyoyin gasar Formula 1 inji iri ɗaya suke amfani da shi, wato Ford Cosworth DFV. Tunda ƙarfin inji ya zo ɗaya, duk mai son fifiko dole ya neme shi a wani wuri. Derek Gardner, mai zana motocin kamfanin Tyrrell na Ingila, sai ya neme shi a ƙafafun gaba. Babbar taya da ke buɗe tana tare iska, kuma iskar da ke bi ta kanta tana ɗan ɗaga gaban motar. Ya rage faɗin wili daga inci 13 zuwa inci 10 don tayar ta ɓuya a bayan fiffiken gaba. Ƙaramar taya ba ta kama ƙasa sosai, saboda haka ya ninka ta: ƙanana huɗu a gaba, dukkansu suna bin sitiyari, manya biyu a baya. Haka aka haifi Tyrrell P34.

Motar ta fara tsere a Sifaniya a shekarar 1976. A wannan shekarar ce, a filin Anderstorp na ƙasar Suwidin, Jody Scheckter, ɗan Afirka ta Kudu, ya zo na ɗaya da ita, abokin aikinsa Patrick Depailler ya zo na biyu. Har yau ita kaɗai ce mota mai ƙafa shida da ta taɓa lashe tsere a wannan gasa.

Abin da ya kashe ta ya fi nasararta amfani ga mai nazari. Ƙaramar taya tana juyawa sau da yawa fiye da babba a tafiya guda, don haka ta fi saurin zafi da cinyewa. Kamfanin Goodyear, mai samar da tayoyin, ya ci gaba da inganta manyan da kowa ke saye, ƙananan da ƙungiya ɗaya tal ke buƙata kuwa aka bar su a baya. A 1977 motar ta ƙara nauyi, sakamakonta ya ja baya, aka ajiye ta a ƙarshen shekara. Kamfanonin March da Williams sun gwada akasin wannan tsari, wato ƙafa huɗu a baya masu karɓar ƙarfin inji, Ferrari kuma ta gwada jera tayoyi bibbiyu a kowane gefen baya kamar na babbar mota. Babu ɗaya cikinsu da ta shiga tseren gasar. Daga 1983 doka ta tsayar da cewa motar Formula 1 ƙafa huɗu za ta kasance, biyu kaɗai inji zai juya.

Akwai wata mota da ta fi kusa da abin da ke gaban wannan nazari. DeltaWing, wadda Ben Bowlby ya zana, ta shiga tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 2012. Ƙafafunta huɗu ne, amma na gaba sirara ne, an matse su kusa da juna har mai kallo daga nesa zai rantse uku ne. Ba ta kifewa a kwana saboda tana kwance dab da ƙasa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinta yana kan ƙafafun baya masu tazara. Za a koma kan wannan batu.

3.0 Motar Wasa Mai Rimot

Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da ƙaramar P34 mai rimot a 1977, a ma'aunin ɗaya bisa goma. Motar asali shekara biyu ta yi. Kwaikwayonta kuwa kamfanin ya sake fitar da shi a shekarun baya, masu sha'awa suna ci gaba da harhaɗa shi. Dalilin a fili yake. Taya ta musamman da ta gagari ƙungiyar tsere, a wurin mai ƙera abin wasa ɗan guntun roba ne. Dokar Formula 1 ba ta hau kansa ba. In motar ta kife, mai ita ya je ya tayar da ita, babu jini babu karaya. Shi ya sa tsare-tsaren da filin tsere ya kora suka sami mafaka a duniyar kayan wasa.

4.0 Ƙafa Uku a Titunan Zamfara

Abin da ake kira baƙon tsari a Turai shi ne abin hawan talaka a Gusau. Asalin wannan ƙira ya koma ga Piaggio Ape da aka fara a Italiya a 1948, daga can ta bunƙasa a Indiya, inda kamfanonin Bajaj da TVS suke ƙera mafi yawan waɗanda ake gani a Nijeriya. Sunayenta kuwa tarihin hukuma ne zalla. A Legas an ce Keke Marwa, da sunan Buba Marwa wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. Keke Napep ya fito ne daga shirin yaƙi da talauci na NAPEP da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. A Kano ta ɗauki sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, A Daidaita Sahu, domin an kawo ta ne don sufurin mata, sannan ta mamaye birnin bayan hana acaɓa a 2013. Sakkwatawa ne suka kauce wa hukuma suka dubi siffarta, suka ce agwagwa da buje.

A Zamfara, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, batun raba maza da mata a sufuri ya taso tun da wuri. Kabu-kabu yana haɗa fasinja da direba a kujera ɗaya. Ƙafa ta uku ita ce ta ba da damar a sa benci a baya, a yi rufi, a raba zaman. Sai dai wannan ƙafar ba ta ɗaga matsayin abin zuwa "mota" ba. Bahaushe keke ko babur yake ce masa, hukuma ma haka ta ɗauke shi: matakan tsaron da gwamnatin Bello Matawalle ta sanar a 2021 sun haɗa shi da babura wajen taƙaita zirga-zirgar dare. Ingila ma ta daɗe tana lissafa motar Morgan mai ƙafa uku cikin babura wajen haraji.

A nan darasin DeltaWing ya zama batun rai. Ƙafafun Keke Napep suna zana siffa mai kusurwa uku a ƙasa, tsininta a gaba. Muddin cibiyar nauyi tana cikin wannan siffa, keken yana tsaye. Idan direba ya taka birki yana cikin kwana, nauyi yakan gangara gaba ya karkata waje, daidai inda babu ƙafar da za ta tare shi, sai ƙafar baya ta ciki ta ɗaga. An ƙera keken don direba da fasinja uku a baya. Fasinjan da aka raɓa a gefen direba yana ƙara nauyi a wurin da siffar ta fi ƙunci, buhun da aka ɗaure a kan rufi kuma yana ɗaga cibiyar sama. Wato duk abin da Bowlby ya yi don motarsa ta zauna, lodin ranar kasuwa yana warware shi. A cikin gari, inda gudu kaɗan ne, abin da sauƙi. A kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi ta shiga Gusau, ta wuce Bungudu zuwa Sakkwato, keken yana raba kwalta da tirela da tankar mai, kuma kaucewar gaggawa ɗaya ta isa. Wannan bayani bai fi ƙarfin Hausa ba, kuma babu dalilin da zai hana a koyar da shi a tashoshin 'yan keke da kalmomin da ke bakinsu.

5.0 Motar Kara

Yaron karkarar Tsafe ko Bungudu bai jira Tamiya ba. Da kaka, idan an girbe dawa kara ya wadata, yakan fere ɓawon karan ya soka a cikin lallausan cikinsa ya tayar da gangar mota. Ƙafafu kuwa daga sakaina ne, ko tsohon silifa da aka yanka a kewaye, ko marfin kwalba. Na cikin gari ya fi karkata ga gwangwani da langa-langa da waya. Mafi gwaninta a cikinsu shi ne wanda ya haɗa doguwar waya da ƙafafun gaba, ya lanƙwasa ƙarshenta ta zama sitiyari, yana tafe a tsaye yana juya motar da ke ƙasa. Sarrafawa ce daga nesa, ba batir ba rediyo.

Yaro abin da ya gani a hanya yake ƙerawa, saboda haka motar kara takan bi sauyin sufurin yankinta. Wanda tirela ke wuce ƙofar gidansu yakan jera mata ƙafafu bibbiyu a baya, ya kuma gano da hannunsa cewa doguwar mota mai ƙafafu da yawa ba ta shan kwana sai an raba kai da jiki an haɗa su da ƙusa ɗaya. Wanda ya ƙera keke mai ƙafa uku yakan ga tana faɗuwa duk sanda ya ja ta da sauri a kwana, sai ya buɗa ƙafafun baya ko ya sa dutse a gindinta. Nazarce-nazarcen wasannin yara sun fi mayar da hankali ga waƙoƙin dandali da wasannin tashe, wannan sashe na ƙere-ƙere kuwa kalmominsa suna bakin yara da waɗanda suka yi shi a ƙuruciya, ga kuma motocin roba masu arha daga Sin sun cika kasuwar Gusau.