Daga Ɗakin Tiyata Zuwa Ƙauye: Gudummawar Wasu Manyan Likitocin Ido Wajen Yaƙar Makanta a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ayyukan wasu likitocin ido da suka gudanar da bincike a arewacin Nijeriya. Ta nuna cewa babban abin da suka cim ma shi ne fita daga asibiti zuwa karkara domin ƙidaya makafi da gano musabbabin makantarsu. Ta kuma danganta sakamakon da halin da garuruwan kudancin Katsina, irin su ’Yargoje, suke ciki.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da tsara wa makafi matsayi a cikin al’umma, har da sarautar Sarkin Makafi a manyan birane kamar Kano. Tsarin ya ba makaho shugaba da ’yan uwa, sai dai ya zauna a kan tunanin cewa makanta ƙaddara ce da ba ta da magani. Asibitin ido na Kano da ’yan mishan suka buɗe a 1943, da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa da doka a 1979, sun nuna ana iya ceto gani. Amma asibiti wanda ya iso ƙofarsa kawai yake sani. Wanda ya makance a ƙauye bai shiga lissafi ba sai da masana suka bi shi har gida.

2.0 Farfesa Adenike Abiose da Makantar Rafi

Farfesa Adenike Abiose ta koyar a Jami’ar Ahmadu Bello, ta kuma shugabanci cibiyar ido ta Kaduna. Sunanta ya fi tafiya da bincike kan makantar rafi, cutar da wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta, amma tambayar da ta rage ita ce ko maganin yana kare gani. Abiose, tare da Farfesa Barrie Jones na Landan da wasu, ta gwada shi a ƙauyukan Jihar Kaduna. Sakamakon da mujallar The Lancet ta buga a 1993 ya nuna cewa shan maganin sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar ido ga waɗanda cutar ta yi wa katutu. Wannan hujja ta ƙarfafa rabon maganin ga al’umma baki ɗaya.

3.0 Dakta Mansur Rabi’u da Karkarar Katsina

Binciken da ya fi shafar Katsinawa kai tsaye shi ne na Dakta Mansur Rabi’u na cibiyar Kaduna. A 2001 ya wallafa nazari kan yanar ido a karkarar Jihar Katsina tsakanin masu shekara 40 zuwa sama. Ya gano cewa waɗanda masu kwantar da yana na gargajiya suka yi wa aiki sun fi waɗanda aka yi wa tiyata a asibiti yawa, kuma rashin kuɗi shi ne babban abin da ya hana mutane zuwa asibiti. Bambancin hanyoyin biyu yana da girma. Mai kwantar da yana yakan tura ƙwayar da ta yi fari zuwa cikin ido ya bar ta a can, abin da kan jawo kumburi da hawan jinin ido. Likita kuwa yakan cire ta ya maye gurbinta da ta roba.

A wannan shekarar kuma Rabi’u da Abiose suka fitar da nazari kan amosanin ido a jihar, cutar da ke juya gashin ido ciki ya riƙa gogar baƙin ido har ya dusashe.

4.0 Ƙidayar Ƙasa ta 2005 Zuwa 2007

Wannan salo na bin gida-gida ya kai matuƙa a binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007. Dakta Fatima Kyari da Dakta Mohammed Abdull da Rabi’u suna cikin jagororinsa, tare da Farfesa Clare Gilbert ta Landan. An duba idon mutum fiye da 13,500 masu shekara 40 zuwa sama. An samu kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kuma kashi 84 na makantar ana iya hana ta ko warkar da ita. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Kyari ta ci gaba da nazarin hawan jinin ido, inda ta nuna ya kama kimanin kashi 5 na masu waɗannan shekaru, kuma galibinsu ba su san suna da shi ba. Abdull kuma ya binciki dalilan da ke sa majinyata a Bauci su makara zuwa asibiti ko su daina ɗiga magani.

5.0 Darasi ga ’Yargoje da Masu Nazarin Hausa

’Yargoje gari ne a Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, wadda ita da Faskari da Sabuwa suke fama da hare-haren ’yan bindiga. Duk nasarorin da aka ambata sun dogara ne ga iya shigar likita ƙauye da iya fitar majinyaci zuwa birni. Idan hanya ta rufe, tsohon da tiyatar ƙasa da awa ɗaya za ta mayar wa gani sai ya zauna a zaure, a ɗauke jikansa daga makaranta ya zama ɗan jagora.

Akwai kuma aikin da ya rage wa masana harshe. Sunan “yanar ido” ya dace da abin da ake gani, shi ya sa bayaninsa ba ya wuya. “Hawan jinin ido” kuwa yana iya sa mai sauraro ya ɗauka hawan jinin da aka sani ne, alhali matsin ruwan cikin ido ake nufi, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Majinyacin da bai fahimci haka ba zai daina magani da zarar ya ga idonsa bai washe ba.

6.0 Kammalawa

Abiose da Rabi’u da Kyari da Abdull sun tabbatar da alƙalumma cewa mafi yawan makantar da ake gani a ƙasar nan tana da rigakafi ko magani. Ya kamata sassan Hausa na jami’o’i su haɗa kai da likitocin ido wajen tattara sunayen cututtukan ido a kare-karen harshen, da daidaita kalmomin da za a yi wa manomin ’Yargoje bayani da su.