Darasi: Wanda Ya Bar Ƙwallo, Wane Wasa Zai Kama?

Da yawa daga samarinmu na Nima da Mamobi, idan sun gaji da zaman benci a filin ƙwallo, sai hankalinsu ya koma Bukom wajen dambe. Ba mu ga laifinsu ba, domin tun da Azumah Nelson ya ci kambun duniya a 1984 sunan dambe ya yi girma a Ghana.

To amma a sani, damben zamani ginshiƙinsa naushin fuska da kai ne, alhali Manzon Allah (SAW) ya hana dukan fuska, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta duba wannan, da irin cutar da yake yi wa jiki, ta yanke a 1987 cewa haramun ne. Amma dukan buhun yashi da tsallen igiya don ƙarfafa jiki babu laifi, mu kam muna ganin amfaninsu.

Kokawa da gudu sun fi kusa da mu. Annabi (SAW) ya kayar da Rukana a kokawa, ya kuma yi tsere da Nana A'isha (RA). Mai son gudu ya fara da minti 20, sau uku a mako, bayan sallar Asuba kafin rana ta yi zafi. Kada ya ƙara nisa da sauri lokaci guda, daga nan ciwon ƙwauri ke farawa. Wando ya rufe gwiwa. Idan azumi ya kama, a mayar da motsa jikin bayan Tarawi.