Takin Da Ya Wuce Ƙima Da Makomar Kifin Gulbi

Darasinmu na wannan mako ya shafi manomin shinkafa na fadamar Ambursa da masuncin Argungu, domin ruwa guda ne ya haɗa su.

A sani cewa halittun ruwa abincin juna ne. Gansakuka takan ciyar da ƙananan ƙwari, su kuma su ciyar da ƙananan kifaye, waɗanda giwan ruwa ke ci. Idan manomi ya zuba takin zamani fiye da bukatar shuka, ruwa ya kwashe rarar zuwa Gulbin Rima, sai gansakuka ta bunƙasa ta rufe fuskar ruwa. Idan ta mutu ta ruɓe, ruɓewar takan cinye iskar da kifi ke shaƙa, sai ya gudu ko ya halaka.

Wata masaniya a Amurka, Nancy Rabalais, ta soma auna wannan ɓarna tun 1985 a inda Kogin Misisifi ke shiga teku. A 2017 yankin da iska ta ƙaranta a cikinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000. To, namu gulbin ma Kwara yake faɗawa, Kwara kuwa teku ta nufa.

Saboda haka, ya kai manomi, ka kasa takinka kashi biyu ko uku, ka binne shi, kada ka zuba hadari na tasowa. Rarar da ka watsar asarar kuɗinka ce, kuma haƙƙin masunci ne a wuyanka. Allah Ya sa mu gane.