Yankan Tumbi Don Rage Ƙiba

'Yan aji, darasinmu na yau a kan ƙiba ne, da wani aiki da likitoci su ke yi wa wanda ƙiba ta fi ƙarfinsa. Ku karanta sannu sannu. Inda kalma ta yi muku wuya ku tambayi malaminku.

A wurinmu in mutum ya yi jiki sai a ce ya sami hutu. In amarya ta yi kumatu sai a ce mijinta ya iya kiwo. Wannan ba laifi, muddin jikin daidai ne. Amma akwai ƙibar da ita kanta cuta ce. Mai ita ba ya iya sunkuyawa ya yanke farcen ƙafarsa. In ya yi 'yar tafiya sai haki. Gwiwoyinsa suna ciwo. Da dare yana minshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa. Ciwon sukari da hawan jini su kan biyo bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima.

Yadda A Ke Auna Ƙiba

Likita ba ya auna ƙiba da ido. Ya kan ɗora mutum a kan sikeli ya ga kilo nawa ne, sa'an nan ya auna tsawonsa da mita. Sai ya ninka tsawon da kansa, ya raba nauyin da abin da ya samu. Lambar da ta fito ita a ke kira BMI.

Ga misali. Wata mace tsawonta mita 1.6 ne. In an ninka 1.6 sau 1.6 za a sami 2.56. In nauyinta kilo 64 ne, lambarta 25 ke nan, tana bakin iyakar daidai. In ta kai kilo 77 lambarta 30, ta shiga ƙiba. In ta kai kilo 90 lambarta 35. In kuwa ta kai kilo 110, watau ta fi buhun siminti biyu nauyi, lambarta 43.

A 1991 likitocin Amurka suka ajiye doka cewa wanda za a yi wa aikin sai lambarsa ta kai 40, ko kuwa 35 in yana da wata cutar da ƙiba ta jawo. A 2022 manyan ƙungiyoyin masu wannan aiki suka sassauto. Suka ce 35 ta isa, har ma daga 30 a kan duba mai ciwon sukari in magani ya kāsa. To, kun ga ba aikin mai 'yar teɓa ba ne, ba kuwa na mai son ado ba ne. A kan fara da gyaran abinci, da motsa jiki, da magani. A 2021 Amurka ta yarda da wata allurar rage ƙiba da a ke yi sau ɗaya a mako. Tana aiki, amma tana da tsada, in an daina ta kuma ƙibar ta kan dawo.

Abin Da Likita Ya Ke Yankewa

Tumbi shi ne jakar nan da abinci ya ke faɗawa in an haɗiye. Daga tumbi abinci ya ke wucewa cikin hanji, a can jiki ya ke tsotse amfaninsa.

Masu fara wannan aiki, wajen shekarar 1954, hanji suka taɓa. Suka sa abinci ya tsallake mafi yawan ƙaramin hanji. Mutane sun rame ƙwarai, amma da yawa sun yi fama da zawo, waɗansu hantarsu ta lalace. Daga baya aka bar wannan hanya. Sai wani likita a Jami'ar Iowa ta Amurka, sunansa Edward Mason, ya lura da wani abu. Waɗanda aka yanke musu wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki ba su cika yin ƙiba bayan haka ba. A 1966 ya fara yi wa masu ƙiba aikin tumbi.

Yanzu iri biyu ne aka fi yi. A na farko, a kan yanke wajen kashi 4 cikin 5 na tumbin a fitar da shi. Abin da ya saura ya kan zama siriri kamar hannun riga, girmansa kamar ayaba. Wannan shi aka fi yi a duniya. Ku lura da kyau: abin da aka fitar ba ya tsirowa, ba a kuma mayar da shi. A na biyu, irin na Mason, a kan ware 'yar jaka a saman tumbin, girmanta kamar ƙwan kaza, a haɗa ta da hanji can ƙasa. Abinci sai ya yi ratse, ya bar sauran tumbin da farkon hanjin.

Ba a cika tsaga ciki baki ɗaya kamar dā ba. Tun 1993 aka fara yin aikin ta 'yan ƙananan huji, likita ya zura siririyar kamara da kayan aikinsa yana kallo a allo. Maras lafiya yana barcin magani, ba ya jin kome. Yawanci kwana 1 zuwa 3 a kan yi a asibiti.

Kada ku zaci ƙanƙancin tumbi ne kaɗai ya ke ramar da mutum. Tumbi yana fitar da wani sinadari da ya ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa a na jin yunwa. Masana a Japan suka gano shi a 1999. In an cire yawancin tumbin, sinadarin nan ya kan ragu, yunwa ta yi sauƙi. Aikin kuma ya kan canja yadda jiki ya ke sarrafa sukari. Shi ya sa waɗansu masu ciwon sukari su kan ga sauƙi cikin 'yan kwanaki, tun ba su rame ba.

Riba Da Hasara

A ƙasar Suwidin an fara wani bincike a 1987. Aka bi masu ƙiba fiye da 4,000. Kusan rabinsu an yi musu aikin, sauran ba a yi musu ba. A 2007 aka ba da labari: cikin wajen shekara 11, mutum 101 suka rasu a cikin waɗanda aka yi wa aiki, 129 a cikin waɗanda ba a yi wa ba. A 2020 aka sāke lissafi, aka ga waɗanda aka yi wa aikin sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da wajen shekara 3. Amma duk da haka ba su kamo sauran jama'ar ƙasar ba. Watau aikin yana taimako, ba ya shafe ɓarnar ƙiba duka.

Yawanci mutum ya kan zubar da kwata ko sulusin nauyinsa cikin shekara ɗaya da rabi. Mai kilo 120 ya kan dawo 80 zuwa 90. Ba zai zama siriri ba, amma gwiwa ta huta, barci ya yi daɗi.

Hatsari kuma akwai shi. A asibitin da suka saba da aikin, waɗanda su ke rasuwa a watan farko ba su kai 3 cikin 1,000 ba. Abin da aka fi tsoro shi ne ɗinki ya yi yoyo a cikin ciki, ko jini ya zuba, ko gudan jini ya taso daga ƙafa ya toshe huhu. Don haka a ke tā da maras lafiya ya yi tattaki tun ranar da aka yi aikin ko kashegari. In an koma gida aka ga zazzaɓi, ko zuciya tana bugawa da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani, ko numfashi yana wuya, a koma asibiti nan take. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce bari gari ya waye.

Kafin A Ce To

A ganinmu, babbar tambaya ba kuɗin aikin ba ce. Mutum ya kan sayar da gona ko shanu ya biya sau ɗaya. Abin tambaya shi ne abin da zai biyo baya har ƙarshen rai. Zai iya sayen ƙwayar bitamin kowane wata? Zai sami ƙwai, ko kifi, ko nama, ko wake, ko nono kullum? Akwai asibiti kusa inda za a riƙa auna jininsa? Wanda ya tafi wata ƙasa aka yi masa aiki ya dawo, wa zai duba shi in abu ya ɓaci? Wanda ba shi da amsar waɗannan, mu dai ba mu ba shi shawarar ya kwanta a yanka shi ba tukuna.

Ya kuma tambayi likita ba tare da jin nauyi ba: “Likita, wane iri za ka yi mini, don me? Mutum nawa ka yi wa? In na dawo da matsala, wa zan gani?” Likitan kirki ba ya fushi da irin wannan tambaya.

Mai shan taba sai ya daina aƙalla mako 6 kafin aikin, don taba tana hana ɗinki warkewa. Wajen mako 2 kafin ranar, a kan sa mutum ya rage abinci ƙwarai don hantarsa ta ƙanƙance, gama hanta a kan tumbi ta ke kwance.

Bayan An Koma Gida

Mako ɗaya ko biyu na farko ruwa-ruwa ne kaɗai: ruwa, romo maras mai, madara, kunu mai tsararo. Kurɓi kurɓi a ke sha. Sa'an nan abin da aka dama ya yi laushi, kamar kindirmo da wake da aka murje. Sa'an nan abinci mai taushi. Sai wajen mako 6 a ke komawa abincin yau da kullum, shi ma ɗan kaɗan. Da fari cokali uku ko huɗu sun ƙosar.

A nan ne wahalar mutanenmu ta ke. Mu mun saba da yanko lomar tuwo, mu dangwali miya, mu haɗiye ba tauna. Wanda aka rage wa tumbi ba shi da wannan dama kuma. Loma guda ta kan tsaya masa a ƙirji, ya yi ta amai. Tilas ya yi 'yar ƙaramar loma, ya tauna har ta zama kamar kunu. Ya fara da nama ko kifi ko ƙwai ko wake, gama su ne su ke riƙe tsokar jiki. Tuwo da shinkafa su zo daga baya in da sauran wuri. Ba ya haɗa ci da sha. Ya bar wajen rabin awa tsakaninsu. Amma a wuni ya sha ruwa kamar lita ɗaya da rabi, kaɗan kaɗan.

A akushi guda da jama'a kuwa ba zai iya bin saurinsu ba. A zuba masa nasa dabam a ƙaramin kwano. Uwargida kada ta ji haushi ta ce ya raina girkinta. Baƙo in ya tsame hannu da wuri kada a matsa masa da “ƙara mana.”

Zaƙi ma abin gudu ne, musamman ga wanda aka yi wa aikin ratse. In ya sha lemon kwalba ko shayi mai sukari da yawa, zaƙin ya kan faɗa hanji gaba ɗaya. Sai zufa, da jiri, da bugun zuciya, da zawo. Giya kuma ta kan kama shi da sauri fiye da dā.

Bitamin ba a daina shi. Tumbin da aka rage ba ya barin jiki ya sami isasshen sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, da abin da ke ƙarfafa ƙashi. Wanda ya ji sauƙi ya watsar da ƙwayoyinsa, ba a ranar zai gani ba. Sai bayan wata da watanni, ko shekaru, jini ya ƙaranta, ƙafafu su riƙa mutuwa, ƙashi ya yi rauni. Amai da ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki shi ma na asibiti ne, don ya kan ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuwa yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Kada a sayi maganin ciwon jiki a kemis ko a hannun mai talla a sha haka kawai. Irin su ibufurofen da dikulofenak su kan ɓarke gyambo a wurin ɗinki. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini kuma, likita ne zai rage masa, ba shi da kansa ba. Ciwon sukari ya kan kwanta ga mutane da yawa, amma ga waɗansu ya kan dawo bayan shekaru, saboda haka awo bai ƙare ba.

Akwai abubuwan da za su ba mutum tsoro alhali ba su da hatsari. Daga wata na 3 zuwa na 6 gashi ya kan zuba, sa'an nan ya sāke fitowa. Fata ta kan saki a ciki da damtse. Saurin rama kuwa ya kan sa tsakuwa a maɗaciya, wannan kam a gaya wa likita in a na jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama.

Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, har nauyinta ya tsaya. Ta yi hattara, gama wadda ƙiba ta hana ta haihuwa ta kan sami ciki da wuri bayan ta rame. Mai azumi kuma ya nemi shawarar likita tukuna, balle a shekarar farko, don ba zai iya cika ciki da ruwa da abinci a sahur ba.

Bayan shekara biyu ko uku tumbin ya kan ɗan buɗe, yunwa ta kan ɗan dawo. Yawancin mutane su kan ƙara 'yan kilo. Wanda ya koma ciye-ciye wuni guda, da soye-soye da kayan zaƙi, zai iya mayar da abu mai yawa daga abin da ya zubar.

Aikin Aji

1. Wani mutum tsawonsa mita 1.7, nauyinsa kilo 104. Ku fitar da lambarsa a allo.
2. Don me wanda aka rage wa tumbi ba zai haɗiyi lomar tuwo ba tauna ba?
3. Ku rubuta alamu uku da za su sa a koma asibiti nan take.