DARASI NA WANNAN WATA: KULA DA LAMBUN GIDA A LOKACIN HUNTURU

'Yan'uwa manoma, girbi ya ƙare, dawa da gero sun shiga rumbu. Mun gode wa Ubangiji. Amma tuwo ba ya tafiya sai da miya. Daga watan Nuwamba ganyayen daji sukan bushe, a gidaje da yawa kuwa sai kuka da busasshiyar kuɓewa har faɗuwar damina. Yaron da ya daɗe bai ci ɗanyen ganye ko karas ba yana iya kamuwa da dundumi, wato rashin gani da dare, domin jikinsa ya rasa bitamin A. Ɗan ƙaramin lambu a bayan gida yakan tsare iyali daga wannan.

Idan kun duba Farawa 2:15 za ku ga aikin fari da Allah ya ba mutum aikin lambu ne, kuma har da tsaronsa. Da yawa daga cikinmu mun iya shuka. A wajen tsaro muke faɗuwa.

Hunturu ba abokin gāban lambu ba ne. Tumatir, albasa, kabeji, latas da karas sun fi yin kyau a cikin sanyi, cututtukan ganye na damina kuma sun ragu. Abin da yake kashe lambu shi ne iska, da awaki, da fashin ban ruwa. Ga yadda za mu yi da su.

1. A auna ruwa kafin a auna fili.
Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yakan sha kamar garwa 1 kowace rana, wato lita 18. Ranar da iska ta yi tsanani yakan sha fiye da haka. Fangali 4 ke nan garwa 4 ko 5 kullum, har wata uku ko huɗu. Ku tambayi kanku: rijiyarmu za ta kai Maris? Wa zai ɗebo ruwan? Gara fangali 2 masu rai da 10 da suka bushe a Janairu.

2. A kafa shinge tun kafin dashe.
Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya ce, tana shanye ruwan ƙasa da na ganye. A kafa zana ko karan dawa a gefen arewa da gabas, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum. Sauran gefen a kewaye da ƙaya, domin bayan girbi ana sakin dabbobi, akuya ɗaya kuwa tana iya cinye aikin wata guda kafin a taso daga sujada. Wanda ya dasa zogale a jikin shingen ya sami shinge, ya sami miya.

3. A yi fangali mai zurfi.
Da damina muna yin kunya domin ruwa ya wuce. Da rani akasin haka ake yi: cikin fangali ya yi ƙasa, a ɗaga bakinsa, domin ruwa ya zauna. A cuɗa ƙasar da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yakan ƙona saiwa.

4. A rufe ƙasa.
Bayan dashe ya kama, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a tsakanin shuke-shuke, kaurin yatsu uku. Wannan yana hana rana da iska shanye ruwa. Kada ciyawar ta taɓa gindin shuka, a riƙa kuma ɗaga ta ana duba gara.

5. Ban ruwa kullum, ba fashi.
A ba da ruwa da sassafe ko da la'asar, a gindin shuka. Ga ƙananan iri a yi amfani da gwangwanin da aka hudahuda gindinsa. Tumatirin da ya sha ƙishirwa yau, gobe aka cika shi da ruwa, 'ya'yansa sukan tsage, ko gindinsu ya yi baƙi. Mai ƙarancin ruwa ya binne tulu har wuya a tsakiyar fangali, ya cika shi, ya rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa ga saiwa.

6. A duba bayan ganye.
A shekarar 2016 tsutsar tumatir da manoma suke kira sharon ta yi babbar ɓarna a jihohin Kaduna da Kano. Takan shiga cikin ganye da 'ya'ya, kuma ta fi yawa idan zafi ya shigo. Saboda haka a yi dashe da wuri, a tsinke ganyen da ya kamu a ƙone. Ga ƙananan ƙwari masu tsotson ganye, a daka rabin kilo na 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa cikin ruwa lita 10, ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma.

7. Makon Kirsimeti.
Lambuna da yawa a wannan mako suke mutuwa. Maigida ya tafi ziyara, uwargida tana hidimar baƙi, yara suna yawon gaisuwa, kwana uku ba wanda ya leƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun kafin lokacin, ƙungiya ta rubuta sunan mai tafiya da na wanda zai ba lambunsa ruwa.

Tambayoyi domin tattaunawa a taron ƙungiya
(a) Garwa nawa gidanka zai iya ɗebowa kowace rana ba tare da an ɗora wa mata da yara nauyin da ya fi ƙarfinsu ba?
(b) Lambun wa ya mutu bara, kuma me ya kashe shi?
(c) Za mu iya sayen iri tare, mu yi renonsa wuri ɗaya, kowa ya ɗebi nasa?
(d) Wace gwauruwa ko wane tsoho a ikilisiyarmu za mu kafa wa shinge?

Aikin wannan mako: kowane mamba ya yanki kara, ya kafa shingensa na arewa da gabas kafin taro mai zuwa. Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanku.